Wule Ta Koma Shinaka

Rabah, Afrilu 1954

Zuwa ga Baffa Gambo, a rugarsa kusa da Shinaka.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da Goggo Hawwa da ɗanku Attahiru da duk mutanen ruga. Yaya zafi, yaya dabbobi? Ni lafiya lau nake. Ruwan Rabah bai karɓe ni ba da farko, amma yanzu mun saba. Na je Wurno hutun da ya wuce, na tarar da Inna Fatsuma lafiya, an kwashe albasa, kuma ta yi kyau bana.

Kada ka yi mamakin ganin takardata. Na san rabon da mu haɗu tun zaman makokin Baba, kuma na san a idonka har yanzu ni ne yaron nan mai gudun ɗan maraƙi. To yanzu an ba ni aji huɗu a makarantar elementare ta nan, ina koyar da lissafi da Turanci. Turancin ne ya kawo ni wurinka, ka ji abin dariya.

Baturen makaranta zai zo duba mu, kuma darasin da ya faɗo kaina shi ne kalmar ba da aro. Turawa suna ce mata lend. In abin ya riga ya faru, ba a ƙara mata wutsiya kamar yadda ake yi wa yawancin kalmominsu, sai a sauya ƙarshenta a ce lent. Wanda ya bayar shi ke faɗinta, ba wanda ya karɓa ba, kuma ba a faɗinta sai a kan abin da zai komo hannun mai shi. Littafinmu ya ba da misali da fensir. Ni kuwa a ajina fensir ɗaya mutum uku ke rabawa, ba a ma san na wane ne ba balle a yi zancen aro. Sai na ce su kawo misali daga gida. Rabinsu 'ya'yan makiyaya ne, nan take suka ce saniyar habbanaye, wadda mutum yake ba ɗan'uwansa ya riƙe, ta haifa masa maruƙa uku su zama nasa, sannan uwar ta koma gida. Na ce madalla, ai mu ma akwai ta a gidanmu, na ba su labarin Wule da ka kawo wa Baba. Suka ce ta haihu nawa? Na ce huɗu. Suka ce ta koma? Na ce a'a. Nan aji ya rabu biyu, wasu na cewa aro ce, wasu na cewa ta zama kyauta.

Iyakar sanina, ka kawo Wule tana karsana shekarar da gulbi ya cinye gonar Baba. Ta haifi namiji, aka sayar da shi lokacin jinyar Baba. Ta haifi mace, wadda Inna take kira Asabe. Ta sake namiji, ga na huɗu yana bin ta yanzu. Na tambayi Inna, ta ce ba a tambayar wannan, ta ci gaba da damun furarta. Na ɗauka ita ma ba ta sani ba ne.

Shi ya sa nake tambayarka, Baffa. Wule aro ce ko kyauta? In aro ce, yaushe ya kamata ta koma? Ba na so in tsaya gaban Bature in koya wa yara abin da ban tabbatar ba.

Na ba Mode mai fataucin albasa wannan takarda, zai bar ta wurin Malam Isa mai rubutun wasiƙa a kasuwar Goronyo, shi zai karanta maka.

Ni ne ɗanka,
Halliru Abubakar


Goronyo, Yuni 1954

Zuwa ga Halliru ɗan Abubakar, malamin makaranta a Rabah.

Ina gaishe ka. Muna lahiya. Ruwa ya sauka, shanu sun hwara samun ɗanyen haki. Hawwa ta yi zazzaɓi, ta warke.

Takardarka ta daɗe wurin Malam Isa kahin in shigo kasuwa. Da niz zo ya karanta min ita nan cikin rumhwa, gaban mahauta da dillalan shanu, don shi Allah bai ba shi ƙaramar murya ba. Duk kasuwa ta ji an ƙidaya ɗiyan Wule ɗaya bayan ɗaya, ko mai jangali bai hi ka iyawa ba. Wani dillali har ya tambaye ni ko ƙara anka kai ni.

Ga amsa. Ni ban aiko ba, ban kuma taɓa aikowa ba. Hanyar da Wule tab bi taz zo Wurno ba ta toshe ba, wanda yag gaji da ita ya san hanyar. Abin da za ka hwaɗa ma Bature kuwa, kai ka yi karatu, ni ban yi ba.

A gaida Fatsuma.

Gambo

Ni Isa na rubuta yadda ya faɗa, har da zancen muryata. Ban ƙara ba, ban rage ba.


Rabah, Yuli 1954

Zuwa ga Baffa Gambo.

Bayan gaisuwa, na ji daɗin jin cewa Goggo Hawwa ta sami sauƙi, Allah ya ƙara lafiya. Mu ma nan ruwa ya zauna, gero ya kai gwiwa.

Na karanta takardarka sau da yawa. Ka yi haƙuri da abin da ya faru a kasuwa, ban yi tunanin za a karanta ta gaban jama'a ba. Sauran maganar kuma na gane. Ka ce hanya ba ta toshe ba. Mutum kamarka ba zai buɗe baki ya ce a mayar masa da abinsa ba, iyakar abin da zai faɗa ke nan. Na ji kunya ƙwarai da na gane mun riƙe saniyarka har ta wuce lokacinta, muna shan nononta, kai kana can kana kawaici. Baba ba ya nan, ni ne namiji a gidan, ni ya kamata in lura.

Na je Wurno ranar Juma'a na gaya wa Inna. Ta ce in sake karanta mata wurin da ka yi zancen hanya, na karanta. Ta ce, "Haka yac ce?" Na ce haka ya ce.  Da safe na ga ta wanke ƙwaryar tatsa ta kife ta a kan rumbu.

Makaranta ba ta tashi ba, ba ni da halin zuwa da kaina, kuma ba na so a ƙara jinkiri. Na yi magana da Mode, zai koro Wule tare da jakunansa in zai zo kasuwa. Na haɗa da ɗan maraƙin na huɗu, tunda uku ne namu. Kofaton Wule na baya na hagu ya ɗan tsage, a lura da shi.

Baturen ya zo ya tafi. Na bar zancen saniya, na koma kan fensir. Na miƙa wa wani yaro fensirina, ya yi rubutu, ya mayar mini, aji duka suka ce I lent him my pencil. Bature ya gyaɗa kai, ya ce darasi ya fita sarai. Ka ga a Turanci abin ba shi da wuya, an bayar, an mayar, magana ta ƙare.

Mun gode da alherin da ka yi wa Baba, Allah ya saka. Ina fata yanzu ba sauran nauyinka a kanmu.

Ɗanka,
Halliru


Goronyo, Agusta 1954

Zuwa ga Halliru.

Ina gaishe ka, ina gaida uwarka. Muna lahiya. Na ce ma Malam Isa mu koma bayan rumhwa, wagga takarda ba ta kasuwa ba ta.

Wule ta iso. Mode ya miƙa min igiya kamar wanda yak kawo kaya daga tashar mota, ya ce in duba ko da abin da yar rage. Babu abin da yar rage. Har ɗan maraƙin kun haɗo, lissahi ya cika, ko alƙali sai haka.

Halliru, da nic ce wanda yag gaji ya san hanya, so nika yi in ji ka ce ba mu gaji ba. Iyakar amsar da nika jira ke nan. Uwarka ta san haka, amma ba ta ƙetare maganar ɗanta gaban takarda, ta ɗauka ku masu karatu kuna ganin abin da mu ba mu gani.

Tunda tambaya kaka so, zauna ka ji. Ubana Yusuhu da kakanka Maigandi ɗiyan wa da ƙane na. Maigandi ya zauna Wurno ya kama noma, mu munka bi shanu. Ina saurayi ciwon bushiya ya shigo garkenmu, kahin wata ya ƙare, ubana ba shi da komi sai sanda. Maigandi saniya biyu gare shi. Ya koro ɗaya da ƙahwa tun daga Wurno, ya ɗaure ta ga turkenmu, ya sha ruwa ya koma. Ta haihu uku, ta haihu huɗu, ta haihu shida, bai taɓa cewa uffan ba. Kowace kaka sai ya zo, wai ya zo ganin saniyarshi. Ya dube ta ɗan lokaci kamar na shan ruwa, sannan ya kwana uku yana hira da ubana. Duk shanun da kaka ji an ce Gambo na da su, daga cikin waccan saniya sunka hito. Wule jininta ta.

Gaskiya na, ana mai da saniyar habbanaye, yaranka ba su yi ƙarya ba. Amma ba a mai da ta sai an ga wadda za ta maye gurbinta, kuma mai gida shi ka kawo ta da ƙahwarshi, a yi mashi shimhiɗa, a ci a sha. Tun zamanin Maigandi ba a taɓa wayar gari babu saniyar gidanku a gidanmu ko tamu a gidanku ba, sai bana.

Kai kana makaranta, ba ka gani. Tun da Abubakar yar rasu, kowace kaka nikan zo Wurno da buhun gero bisa jaki, in ce na dusar Wule na. Namiji ba ya tashi daga Shinaka ya sallama ƙohwar matar da mijinta yam mutu ya ce zumunta kaɗai tak kawo shi. Mutane na da baki, ita ma tana da kunya, ba ta karɓar sadaka. Amma mai saniya ba a tambayar shi mi yak kawo shi.

Wule na nan. Ba ta san kowa ba cikin garke, shanu na tunkuyinta, da marece sai ta juya yamma maso kudu, wajen Wurno, tana kuka. Na sa ma kohwaton magani. Ranar da Mode yam miƙo min igiyar nan na yi kewar ubanka hiye da ranar da munka ruhe shi. Ka ce ba sauran nauyina a kanku. Haka na, babu. Ni ma ba ni da sauran abin da za ya kai ni Wurno.

Kalmar taku da Malam Isa ka kira lanti, ka ci gaba da koya ma yara ita da hensir. Ta hi dacewa da shi.

Gambo


Rabah, Satumba 1954

Zuwa ga Baffana Gambo.

Bayan gaisuwa da ban-girma, ina fata kuna lafiya, kai da Goggo da Attahiru. Malam Isa, don Allah wannan ma a bayan rumfa.

Takardarka ta same ni ina shirin shiga aji. Na karanta ta a tsaye, na shiga na ba yara lissafi, na kasa koyar da komai. Ranar Juma'a na hau keke na tafi Wurno na karanta wa Inna. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To, kai da ka ci geron, yau ka san mai shi." Ashe duk furar da nake sha in na zo hutu, ina yabon gonarmu, ta dusar Wule ce. Na tambaye ta me ya sa ba ta hana ni ba. Ta ce ta gaya mini tun farko ba a tambaya, na je na tambaya da tawada.

Baffa, na yi kuskure, kuma ya dame ni. Ba zan ce a dawo da Wule ba, na san saniyar da aka miƙa igiyarta a gaban kasuwa ba ta sake komowa ta wannan hanya. Amma akwai Asabe, 'yar Wule ta biyu. Karsana ce fara mai ƙaton tozo, ta isa barbara, ba ta taɓa ciwo ba. Tamu ce halak, kai ka ba mu ita. Ni da Inna mun yi shawara, muna so mu ba Attahiru ita habbanaye, tunda na ji ya yi aure bara, yana haɗa nasa garken. Ban ce kai ba, don na san bai dace yaro kamata ya ce zai ba mai garke irin naka saniya ba.

In ka yarda, da an tashi hutu zan koro ta da ƙafata. Rabona da kora saniya tun ina ɗan shekara goma, mai yiwuwa ita za ta koro ni, amma za mu iso.

Yarana sun sake tayar da maganar. Suka ce Malam, saniyarku ta koma? Na ce ta koma. Masu cewa aro ce suka yi ta murna sun ci gardama. Wata yarinya 'yar ruga ta ce, to wace aka kawo maimakonta? Na ce su buɗe littafi shafi na gaba.

Ina jiran amsarka.

Ɗanka,
Halliru


Rabah, Oktoba 1954

Baffa,

Gaisuwa mai yawa. Mode ya je kasuwa ya dawo har sau uku, ya ce Malam Isa ya tabbatar masa an karanta maka takardata, amma ba ka ce komai ba. An fara yankan gero a Wurno. Inna ba ta tambaye ni ba, sai dai na ga ta sa an gyara zauren da kake sauka, an yi masa sabon daɓe. 

In maganata ta yi rashin kunya ne, ka yafe. In a'a ce amsar, ka faɗa mini a'a, zan iya ɗauka.

Halliru


Goronyo, Nuwamba 1954

Zuwa ga ɗana Halliru.

Ina gaishe ka. Muna lahiya, an gama girbi, shanu na cikin kara. Wule ta daina kuka, ta sami wata tsohuwar saniya suna kiwo tare.

Ka ce na yi shiru. Kai takarda ɗaya kaka rubutawa kahin ka sha hura, ni kuwa sai na juya magana kamar yadda saniya ka tuƙa. Ka saba da jira, yana cikin abin da ba a koya muku ba.

Na ji zancen karsana. Attahiru na gode maka, amma Attahiru na da uba, kuma ubanshi na da shanu. In ya karɓa, shi za ya riƙa zuwa Wurno, shi da bai san ko ƙohwar gidanku ba. Maganar ga tsakanina da Abubakar ta, ba a gada ta ina raye.

Ni za ni riƙe karsanar. Na haura shekara sittin, tun bayan Maigandi ba wanda yat taɓa ba gidanmu saniya, kullum mu ka bayarwa. Hawwa ta yi dariya har ta zauna, ta ce duk Shinaka za a ji Gambo ya karɓi habbanaye hannun malamin boko mai gudun maraƙi. Na ce su ji. Malam Isa ma na ba shi izini, wannan ya hwaɗe ta da muryarshi ta kullum.

Ka koro ta da kanka. Ka taso da sanyin sahiya, kada ka bi da ita ta cikin kasuwa, ka bar ta ta sha ruwa ga mashaya kahin ku hau tudu. In ka iso, kai za ka ɗaure ta ga turke da hannunka, igiyar kuwa ka koma da abarka. Kada ka zo min da takarda, kada ka ƙidaya komi. Za ka kwana uku, an riga an ware ragon.

In kun koma makaranta ka hwaɗa ma yarinyar nan da tay yi tambaya an kawo wata, sunanta Asabe. Ka rubuta musu lanti ɗinka ga allo da sunanka a gaba, tunda yanzu ka ba da abin da yah hi hensir. In sun tambaye ka yaushe za ta koma, ka san amsa.

Ka ce ma Fatsuma na ji an yi sabon daɓe. Wanda anka ba saniya, wajibi na gare shi ya riƙa zuwa yana ba masu ita labarinta, ko ta ci, ko ta ɗauki ciki, ko ƙuda ya dame ta. Ba ni da yadda za ni yi, al'ada ta. Ta sa ido bayan ka koma da sati biyu, ina tahe da jaki.

Baffanka,
Gambo